Hattara da Masu Sayar da Shafin Farko na Google

Wata sabuwar kasuwa ta ci a cikin wayoyinmu, kuma matasan da suka kafa ƙananan kamfanoni ake farauta a cikinta. Ka buɗe Facebook ko TikTok, ko ka leƙa abin da mutane ke ɗorawa a WhatsApp, ba za ka yi nisa ba sai ka ci karo da tallan. Wani matashi ne sanye da kwat ko dakakkiyar shadda, ya jingina da mota, yana rantsuwa cewa cikin mako biyu zai koya maka SEO, shafin kamfaninka ya ɗare sahun farko a Google, masu saye su riƙa tururuwa kana kwance. A ƙarƙashin hoton an rubuta cewa gurbi goma kacal ya rage, rangwame kuma zai ƙare da sha biyun dare. In ka dawo bayan mako guda za ka tarar da gurbin nan goma da rangwamen nan yadda ka bar su, domin tun farko an rubuta su ne don a hana ka tsayawa ka yi tunani.

Abin nan yana yaɗuwa, kuma ya kai a yi magana a kansa da babbar murya. Da a ce ɓarnar ta tsaya a kan kuɗin kwas, da sai mu ce Allah Ya mayar da alheri, a wuce wurin. Amma mugun kwas na SEO yakan ci kuɗinka, ya ci watannin da ƙaramin kamfani ba shi da rararsu, sannan ya koya maka yadda za ka lalata shafin kamfaninka da hannunka, kana murna kana zaton aiki kake yi. Wanda ya sayi jabun magani a tasha, kuɗin kwalba ne mafi ƙanƙanta a cikin asararsa. Babbar asarar tana cikin ƙodar da maganin ya taɓa, wadda ba za a gane ba sai an kwana biyu.

A yi adalci tukuna. SEO sana'a ce ta gaskiya: gyara shafin intanet yadda injin bincike zai gane shi, ya nuna shi ga mai neman abin da ke ciki. Google yana aiki ne a mataki uku. Manhajarsa mai suna Googlebot tana bin shafuka tana karantawa, sai a adana abin da ta karanta a rumbu, sannan idan mutum ya rubuta tambaya a jera masa amsoshi daga wadda aka ga ta fi dacewa. Aikin mai SEO na ƙwarai shi ne ya tabbatar Google na iya shiga shafinka, shafin yana buɗewa da sauri a waya, abin da ke ciki yana amsa tambayar da mai saye ke yi, kuma wasu shafuka masu mutunci suna nuni zuwa gare ka don sun ga amfaninka. Tun 1998 da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google, ginshiƙin tsarinsu mai suna PageRank shi ne ɗaukar mahaɗin da wani shafi ya yi zuwa naka, wato linki, a matsayin shaidar cewa kana da abin dubawa. Akwai malaman kirki da ke koyar da wannan aiki bisa gaskiya, kuma da su ba mu da rigima.

Abin da babu mai iya koyarwa, babu kuma mai iya sayarwa, shi ne tabbacin matsayi na ɗaya. Google da kansa ya faɗi haka a shafin da ya keɓe don masu shirin ɗaukar ƙwararren SEO. Ya ce babu mai iya ba ka wannan tabbaci, ya kuma ce ka yi hattara da duk wanda ya yi maka alkawarinsa, ko ya yi da'awar wata alaƙa ta musamman da kamfanin, ko ya ce yana da hanyar shigar da shafuka gaban na kowa. Ba a biyan Google don hawa sakamakon bincike na asali. Abin da ake biya talla ne, ana yi masa alamar talla, kuma yana ɓacewa ranar da kuɗin ya ƙare. A 2017 Maile Ohye, wadda take aiki da Google a lokacin, ta yi bayani a bidiyo cewa ko ƙwararre ka ɗauka, yawanci sai an yi wata huɗu zuwa shekara guda kafin a gyara abin gyarawa a fara ganin amfani. Ka auna wannan magana da alkawarin mako biyu, ka ga wanda ya cancanci ka gaskata, mai injin ko mai tallan kwas.

Ta fuskar kuɗi, tarkon hawa-hawa ne. Ana fara kiranka zama na kyauta a Zoom ko a wani zauren Telegram, a shafe awa guda ana nuna maka hotunan alat na banki da motoci, ba a koya maka komai ba. A ƙarshe a ce ainihin darasin yana cikin ƙaramin kwas mai araha. Ka biya, ka shiga, ka tarar da abin da kowa zai iya karantawa kyauta, sai a ce maka sirrin yana aji na gaba, na manya. Daga nan sai aji na musamman inda malam zai riƙe hannunka, daga nan sai wata manhaja da dole ka riƙa biya duk wata ta hannun malam, shi kuma yana cin kamasho. A 2018 hukumar kare masu saye ta tarayyar Amurka, FTC, ta maka wani kamfani mai suna MOBE a kotu. Darasinsa na kasuwancin intanet ana shiga da dala 49 ne, daga nan a riƙa tura ɗalibi ya sayi matakin gaba da dubban daloli, kuma hukumar ta ce ya karɓi sama da dala miliyan 125 daga hannun mutane. Da ɗaliban suka kai can, sai suka tarar babban sirrin shi ne su ma su je su sayar wa wasu wannan darasi. Salon nan shi ne ake kwaikwaya a yau. Duk kwas ɗin da ya fi ba da ƙarfi wajen cewa ka kawo mutum biyu ka ci kaso, fiye da yadda yake ba da ƙarfi wajen gyara shafinka, to kai ne hajar da ake sayarwa. Wanda ya ga abin da tsarin zuba kuɗi na MMM ya yi wa mutanen Najeriya a ƙarshen 2016 bai kamata ya buƙaci dogon bayani a nan ba.

Amma ɓarnar da ta fi ci mini rai tana cikin darasin kansa. Ɗauki misalin matashiyar da ta kafa kamfanin turaren wuta da humra a Maiduguri, ta buɗe shafi don ta riƙa aikawa Abuja da Legas. Kafin ta shiga kwas, shafinta yana bayani a natse: irin itacen da ake haɗawa, yadda ake turara kaya, kwana nawa saƙo ke yi a hanya. Malam ya ce mata wannan duk ɓata lokaci ne, ta cusa kalmomin bincike ko'ina. Sai shafin ya koma turaren wuta Maiduguri, turaren wuta mai kyau Maiduguri, sayi turaren wuta mai araha Abuja, layi bayan layi, har mai karatu ya rasa abin da ake son gaya masa. A ƙasan shafin kuma ya sa ta jera sunayen garuruwa rututu da farin rubutu a kan farin fili, yadda idon mutum ba zai gani ba sai inji. Duka biyun nan, cusa kalmomi da ɓoye rubutu, Google ya lissafa su ƙarara cikin abubuwan da ya haramta. Sannan ya sa ta kwana tana cike wani gurbi na ɓoye da ake zuba kalmomin shafi a ciki, alhali tun 2009 Google ya sanar cewa ba ya duba wannan gurbin wajen jera sakamako. Ta biya kuɗi an sayar mata da ilimin da ya mutu tun tana makarantar firamare.

Darasi na gaba shi ne sayen mahaɗai. Za a nuna maka inda ake sayar da linki dubbai da 'yan daloli, daga shafukan da babu ɗan'adam mai karanta su, wasu na caca, wasu na batsa, wasu da harsunan da ba ka taɓa ji ba. Ko a koya maka ka sayi tsofaffin adiresoshin shafukan da masu su suka bari, ka gina tarin shafukan bogi duk suna nuni zuwa naka. Wani lokaci abin yakan yi aiki na 'yan makonni, kuma a cikin makonnin nan ne malam yake ɗaukar hoton nasararka ya sa a tallansa. Abin da ba ya gaya maka shi ne Google ya daɗe yana yaƙi da wannan. A Fabrairun 2011 ya fito da sauyin da aka sani da Panda, wanda ya durƙusar da shafukan da ke tara rubuce-rubuce marasa ƙwari don kawai su kama masu bincike. A Afrilun 2012 ya fito da Penguin, wanda ya auna masu mahaɗan bogi kai tsaye. Ban da waɗannan, akwai ma'aikata 'yan'adam da ke duba shafi su hukunta shi da hannu, su tura shi can ƙasa ko su cire shi gaba ɗaya.

Kada ka ɗauka barazana ce ta baki. A Fabrairun 2006 Google ya cire shafin kamfanin motoci na BMW na ƙasar Jamus daga rumbunsa, saboda yana nuna wa inji wasu shafuka cike da maimaita kalmomi, yana kuma nuna wa mutane wasu daban. A Fabrairun 2011 jaridar New York Times ta bankaɗo cewa babban kantin nan na Amurka, J.C. Penney, yana zaune a matsayi na ɗaya wajen neman riguna da shimfiɗu da darduma da sauran kayayyaki, saboda dubban mahaɗan da aka dasa a shafukan da ba su da wata alaƙa da shi. Google ya ɗauki mataki, kuma cikin 'yan sa'o'i kantin ya faɗo daga na ɗaya zuwa na 68 wajen neman kujerun falo. Kantin ya ce ba da saninsa aka yi ba, ya kuma sallami kamfanin da ke yi masa aikin, amma hakan bai hana shi zama cikin hukunci na kusan wata uku ba. Ka riƙe wannan da kyau: a wurin Google, mai shafi shi ke da alhakin abin da wanda ya ɗauka aiki ya aikata. Cewa malam ne ya koya mini ba ta wanke kowa.

Misalin da ya fi kusa da kai, mai sabon kamfani, shi ne na Rap Genius, wani shafi na baitocin waƙoƙi da sharhinsu da wasu matasa uku suka kafa a Amurka a 2009. A 2012 kamfanin zuba jari na Andreessen Horowitz ya zuba musu dala miliyan 15. A Disambar 2013 aka gano suna neman masu rubutu a intanet su dasa musu mahaɗai zuwa shafukansu na waƙoƙin Justin Bieber, su kuma su tallata marubutan a Twitter. Ranar Kirsimeti Google ya hukunta su, har ya zama ko sunan kamfanin ka rubuta ba za ka gan shi a shafin farko ba, masu ziyara suka ragu ƙwarai. Sai da suka fito fili suka nemi afuwa, suka bi mahaɗan nan suna gogewa, aka mayar da su bayan kwana goma. Ko shafin Chrome, manhajar Google kansa, bai tsira ba: a Janairun 2012 Google ya saukar da shi na kwana 60 saboda wani kamfen na talla da aka yi masa ya saɓa ƙa'ida.

Waɗannan duk sun farfaɗo, saboda suna da suna, suna da injiniyoyi da lauyoyi, kuma jaridun duniya suna bibiyar labarinsu. Kai da ke da ma'aikata uku da jarin da ka tattaro daga adashi da rancen yayanka, wa zai lura ka ɓace? Wata safiya kawai za ka ga waya ta daina ƙara. In ka yi sa'a ka haɗa shafinka da Search Console, manhajar Google ta masu shafuka, za ka tarar da saƙon hukunci a can. In kuwa inji ne ya saukar da kai ba mutum ba, ko saƙon ma ba za ka samu ba. Za ka koma wurin malam ka tarar ya rufe zauren, ko ya ce kai ne ba ka bi darasi daidai ba, ko ya ce akwai sabon kwas na farfaɗo da shafi, kuɗinsa kaza.

Yanzu kuma tsohuwar yaudarar ta sake riga. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, sabon alkawarin shi ne za a koya maka yadda ƙirƙirarriyar basira za ta rubuta maka maƙala ɗari a yini, ka cika shafinka, Google ya ruɗe. Amfani da waɗannan manhajoji ba laifi ba ne, kuma Google bai hana ba. Abin da ya hana, ya kuma ƙara jaddadawa a ƙa'idojin da ya fitar a Maris 2024, shi ne tara shafuka barkatai don kawai a kama matsayi, ko mutum ne ya rubuta ko inji. A lokaci guda ya haramta sayen tsohon adireshi don a ci albarkacin sunansa da shirme. Bayan haka, daga Mayun 2024 Google ya fara sanya taƙaitacciyar amsa ta ƙirƙirarriyar basira a saman sakamako, ya faro daga Amurka ya faɗaɗa zuwa wasu ƙasashe, wanda ke nufin mai tambaya na iya samun amsarsa ba tare da ya shiga shafin kowa ba. Malamin da bai taɓo wannan ba, bidiyoyinsa tsofaffi ne ko da jiya ya ɗora su. Google yana yin dubban gyare-gyare a tsarinsa kowace shekara, da manyan sauye-sauye sau da dama a shekara, don haka ka tambayi ranar da aka naɗi darasi kafin ka tambayi kuɗinsa.

Su kuma hujjojin da ake ruɗar mutane da su, a san su ɗaya bayan ɗaya. Hoton jadawali mai layi yana hawa sama, wanda aka yanke sunan shafin da kwanan wata, ba hujja ba ce, domin kowa na iya ɗauko shi ko ya ƙirƙira shi. Malamin da ya ce ka duba ka ga shi ne na ɗaya a Google, ka lura da abin da ya ce ka rubuta. In sunansa ne ko sunan makarantarsa, ko wata doguwar jimla da babu mai nema, to ko yaro zai iya zama na ɗaya a wurin da babu abokin takara. Makin nan da ake kira Domain Authority, wanda wasu ke alkawarin ɗaga maka, kamfanin Moz ne ya ƙirƙire shi don ƙiyasi, Google ba ya aiki da shi, kuma ana iya kumbura shi da mahaɗan bogi ba tare da ka sayar da ko allura ba. Satifiket kuma, ka sani Google ba ya ba kowa shaidar ƙwarewa a SEO. Shaidar da yake bayarwa a kan Google Ads ta harkar talla ce, wani fage daban. Rajistar hukumar kamfanoni ta CAC ma tana nuna kamfani yana da rajista ne kawai, ba ta nuna mai shi ya iya abin da yake koyarwa. Kuma in an ce ka sayi yabon bogi, a sa mutanen da ba su taɓa ganin kayanka ba su rubuta cewa sun saya sun ji daɗi, wannan algus ne tsagwaronsa. Addini ya hana, Google yana gogewa, a Amurka ma FTC ta kafa dokar hana shi a 2024.

Kafin ma a kai ga zaɓen kwas, akwai tambayar da mai tallan kwas ba zai taɓa yi maka ba, domin amsarta na iya hana shi ciniki: shin masu sayen kayanka a Google suke nemanka? SEO yana kama mutumin da ya riga ya san abin da yake so, ya je yana nema. In kana sayar da manhajar lissafi ga makarantu, ko kana fitar da zoɓo da riɗi da citta zuwa ƙasashen waje, ko kana da otal ko asibiti, akwai masu nema, kuma ya kamata su same ka. Amma mai atamfa a Kantin Kwari ko mai waya a Farm Centre a Kano ya san cinikinsa yana zuwa ne ta WhatsApp da Instagram da TikTok da bakin wanda ya saya ya ji daɗi. In kuwa abin da ka ƙirƙiro sabo ne fil, mutane ba su ma san sunansa ba balle su neme shi. Ƙari a kan haka, yawancin kwasa-kwasan nan an kwafo su ne daga kasuwar Amurka da Turai, misalansu na can ne. Mai sayenka yana iya rubuta tambayarsa da Hausa ba tare da haruffa masu lanƙwasa ba, ko ya gauraya Hausa da Turanci, ko Hausa da Faransanci in a Maraɗi ko Damagaram yake, a kan ƙaramar waya da data mai tsada. Malamin da bai taɓa tunanin wannan mutumin ba, ba kasuwarka yake koya maka ba. Ga mai shago ko ofis, cike bayanansa a Google Business Profile, da adireshi da lambar waya da lokacin buɗewa da hotuna na gaskiya, zai iya fin kwas guda amfani, kuma kyauta ne. Kada ka bari wani ya ce maka Google yana karɓar kuɗin rajistarsa.

Ka kuma tuna matsayinka. Kai ne ka kafa kamfanin, kai ne mai neman jari, mai sauraron kukan kwastoma, mai biyan albashi. Wata ukun da ka ɓata kana kallon bidiyoyi wata uku ne da ba ka gyara kayanka ba, ba ka je wurin masu saye ba, haya kuma tana tafiya. Abin da kake buƙata shi ne sanin da zai sa ka gane aikin kirki in ka gani, ka gane na banza, ka iya yi wa wanda ka ɗauka tambaya ya san ba makaho yake yi wa aiki ba. Wannan gwargwadon yana nan kyauta. Google yana da jagorar masu farawa da ya soma wallafawa tun 2008 yana sabuntawa, yana da shafin ƙa'idojinsa na abin da ya haramta, yana da Search Console wanda zai nuna maka kalmomin da mutane suka rubuta har suka gan ka, da Google Trends. Moz yana da jagorar masu farawa, HubSpot da Semrush da Ahrefs duk suna da darussa na kyauta, sai dai ka shiga da sanin cewa su ma suna da manhajojin da suke son ka saya. Jami'ar California da ke Davis tana da jerin darussan SEO a Coursera. Ka fara da waɗannan, ka gwada a shafinka. Duk wanda ya karanta jagorar Google sau ɗaya da natsuwa, zai yi wuya a sayar masa da ita a cikin sabuwar leda.

In bayan haka ka ga akwai giɓin da sai da malami, to ka zauna da shi kamar yadda za ka zauna da wanda zai riƙe maka kuɗin kamfani. Ka ce ya ba ka adireshin shafukan da ya yi wa aiki, na kasuwancin da ke sayar da wani abu ban da kwas, ka shiga ka gani da idonka. Ka nemi ya haɗa ka da tsofaffin ɗalibai, ka tambaye su ko cinikinsu ya ƙaru, kuma ka tambaye su ko suna cin kamasho in ka shiga. Ka ce ya nuna maka jerin darussan a rubuce kafin ka biya. Ka tambaye shi kai tsaye ra'ayinsa a kan sayen mahaɗai, ka saurari amsar: in ya yi murmushi ya ce akwai yadda ake yi ba a kama mutum, tashi ka ba shi wuri. Ka duba ko zai buɗe shafinka ya dube shi, ko bidiyo kawai zai turo maka. Ka duba da me yake auna nasara, da yawan masu leƙowa ko da yawan waɗanda suka kira suka saya. Ka nemi sharaɗin mayar da kuɗi a rubuce, ka riƙe rasit. Malamin kirki ba ya fushi da waɗannan tambayoyi, kuma za ka ji shi yana cewa wannan ba zan iya tabbatar maka ba, wancan sai mun gwada. Wanda ya fusata, ko ya ce masu shakka ba sa arziki, ya riga ya ba ka amsa.

Kada kuma ka miƙa wa kowa mabuɗan gidanka. Adireshin shafin ya kasance da sunanka ko na kamfaninka aka yi rajistarsa, da imel ɗin da kai kake riƙe da shi. Search Console da Business Profile duk suna da hanyar ba wa mutum izinin shiga ba tare da ka ba shi kalmar sirrinka ko ka mallaka masa ba, kuma kana iya janye izinin ranar da kuka rabu. In kuwa ka riga ka faɗa, kada kunya ta sa ka yi shiru. Ka tsayar da sayen mahaɗai yau, ka goge ɓoyayyen rubutu, ka duba sashen hukunci a Search Console, ka cire mahaɗan da za su ciru, sauran ka barranta da su ta hanyar da Google ya tanada tun 2012, sannan ka nemi a sake duba shafin. In yaudara aka yi maka a Najeriya, hukumar FCCPC tana karɓar ƙorafin masu saye. Sannan ka gaya wa abokanka, domin shirun wanda aka cuta shi ke ba macuci damar cutar na gaba.

Ga masu koyarwa kuma, ku ji tsoron Allah. Yaron da ya turo muku kuɗin nan, wataƙila mahaifiyarsa ce ta sayar da ɗan kunnenta. In kun iya, ku koyar da gaskiya, ku faɗi iyakar abin da kuka sani, ku daina alkawarin abin da ba a hannunku yake ba. In bara kuka gama kwas ɗin wani, ba ku taɓa ɗaga shafin kowa ba, ku je ku yi aikin tukuna. Cibiyoyin fasaha da ƙungiyoyin matasa da ke ba da zaurensu, da masu mabiya da ke karɓar kuɗin talla, ku tantance wanda kuke gabatarwa, domin amincin da mutane suka ba ku shi ake amfani da shi a yanke su.

Kai kuma mai kamfani, sunan kamfaninka amana ce a wuyanka, ta ma'aikatanka da ta waɗanda suka ba ka jarinsu. Kada ka tura ko kwabo a daren da ka ga talla. Ka kira masu sayenka ka tambaye su ta ina suka same ka, ka karanta jagorar da Google ya bayar kyauta, ka yi wa malam tambayoyin nan gaba da gaba. In ya amsa su da hujjar da ka gani da idonka, ka biya shi haƙƙinsa ka koya. In ya kasa, ka riƙe kuɗinka ka zuba su a cikin kayanka.